Kewar da Ke Biyo Ɗalibi Gida Bayan Bikin Yaye

Ƙannenmu 'yan sakandare, da wuya a rasa wani a cikinku da ke da yaya a gida ko a maƙwabta wanda ya gama jami'a ya dawo. Kun ga ranar da mota ta sauke shi a Kwanar Ɗangora da akwati biyu, ɗaya na tufafi, ɗaya na littattafai wanda sai da mutum biyu suka kama. An yi mako guda ana shigowa barka da arziki, an yanka kaji, hoton rigar yaye ya zagaya wayoyin dangi. Bayan wata ɗaya ko biyu sai kuka lura ya rage magana. Yakan zauna a zaure ya buɗe littafi, ya daɗe bai juya shafi ba. In kuwa ya fara hira, duk inda aka bi da ita sai ya karkato ta zuwa makaranta.

Mu ne waɗannan yayyen naku. Mun fito daga garuruwa da ƙauyukan Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, muka yi shekara huɗu ko fiye a jami'o'in da aka kafa a kan addini, muka dawo. Abin da ke damun mu sunansa kewa. Ba mu cika faɗa ba, domin wanda iyayensa suka sayar da masara da shinkafa suka biya masa kuɗin makaranta yana jin nauyin ya ce yana marmarin komawa. Amma wasunku na shirin bin hanyar da muka bi, don haka gara ku ji daga bakinmu tun yanzu.

Waɗanne jami'o'i ne?

Jami'ar addini ita ce wadda wata al'umma ta addini ta kafa, ta kuma tsara zaman ɗalibanta bisa koyarwar addinin. A wasu, ilimin addini ne kan gaba. A wasu kuma ana karanta kimiyya, kwamfuta, lissafin kuɗi da aikin koyarwa kamar kowace jami'a, sai dai sutura da mu'amala da lokutan ibada suna da ƙa'ida.

A Nijeriya an fara ba wa jami'o'i masu zaman kansu lasisi a shekarar 1999, kuma biyu daga cikin ukun farko, Babcock da Madonna, na Kiristoci ne. A 2005 aka buɗe jami'ar Musulunci ta Katsina, wadda yanzu ake kira Al-Qalam, a kan hanyar Dutsin-Ma. A wannan shekarar ce kuma aka kafa Al-Hikmah a Ilori, da jami'ar Bingham ta cocin ECWA a Karu ta jihar Nasarawa, wadda 'yan'uwanmu Kiristoci na Arewa suka sani sosai. A nan yankinmu na Kano ta Kudu, jami'ar Al-Istiqama da ke Sumaila ta samu lasisi a 2021.

A ƙetare akwai Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, take ɗaukar ɗalibai maza daga ƙasashen duniya, ta ba su wurin kwana da alawus. Akwai Jami'ar Musulunci ta Nijar da ke garin Say, kudu da Yamai, a bakin kogin Kwara. A taron ƙasashen Musulmi na birnin Lahore a 1974 aka yanke shawarar kafa ta, ta fara aiki a 1986. Akwai Jami'ar Ƙasa da Ƙasa ta Afirka da ke Khartum. Sai kuma uwa ma ba da mama, Azhar ta Alƙahira, wadda ta haura shekara dubu. Tun a ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka tanadar wa ɗaliban ƙasarsu masauki a Alƙahira. Ashe tafiya neman ilimi da dawowa gida da kewa tsohon al'amari ne a wannan yanki namu.

Me muke kewa?

In kun tambaye mu, da farko za mu ce muna kewar masallacin makaranta ko laburare ko inuwar wata bishiya da muka saba zama. In muka nutsu sai mu ga abin ya wuce gini.

Abu na farko shi ne tsarin lokaci. A makaranta ba mutum ke riƙe da ranarsa ba, rana ce ke riƙe da shi. Kiran sallar asuba yana shigowa har ɗaki, kuma ko bai tashe ka ba, ƙarar bokiti da takun silifas na abokan kwana za su tashe ka. Bayan salla ga masu tilawa a kowace kusurwa, ka ji kunyar komawa gado. Daga nan sai lacca, sai azahar, sai laburare, sai la'asar. Tsakanin magariba da lisha akwai halƙar karatu. Ba ka taɓa zama ka tsara wannan ba, ka tarar da shi ne ka shiga, kamar yadda ruwan Tiga ke bin hanyar da aka haƙa masa har ya isa gonakin Kadawa. Ranar da ka dawo gida, hanyar ta ƙare, ruwan ya bazu. Ka farka da safe babu wanda zai tambaye ka ko ka yi muraji'a. Mako ya wuce, wata ya wuce, sai ka je jawo wata sura da ka haddace ka ji tana kakkaucewa.

Abu na biyu abokai. Samun ɗaruruwan sa'anni a wuri guda, kowa da buri irin naka, abu ne da ba ya maimaituwa a rayuwa. A ɗaki ɗaya za ka iya samun ɗan Riruwai da ɗan Damagaram da Bayarabe daga Ilori. Waɗanda suka yi Madina sun kwana ɗaki ɗaya da 'yan Indunusiya da Fakistan da Sanigal, kuma Larabci ne kaɗai ya haɗa su. Kun ci a kwano ɗaya, kun ranta wa juna kuɗi a ƙarshen wata, wani ya yi jinyar wani da zazzaɓi ya kwantar da shi. In ka ga wata mas'ala da ta ɗaure maka kai da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ƙofa ta gaba kawai za ka ƙwanƙwasa. Bayan bikin yaye kowa ya kama gabansa. Akwai waɗanda kuka rungumi juna a tasha kuka ce sai an jima, alhali ba za ku sake haɗuwa ba.

Abu na uku 'yancin zama ɗalibi. Ɗalibi yana da damar ya ce bai sani ba. Yana da damar ya yi kuskure a gyara masa, a wuce wurin. Akwai malami sama da shi wanda zai kai wa tambaya. Wannan rufin asiri ne babba, kuma ba a sanin darajarsa sai an rasa shi.

Sai kuma azumi. Duk wanda ya yi azumi a irin waɗannan makarantu, da watan Ramadana ya kama sai zuciyarsa ta koma can: buɗa-baki a faranti ɗaya, asham a bayan abokin aji mai daɗin murya, tahajjud a goman ƙarshe, ga jarrabawa na matsowa. 'Yan Madina kuwa sai su tuna dogayen ledojin buɗa-baki da ake shimfiɗawa a Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da dabino da ruwan zamzam, baƙo da ɗan gari kafaɗa da kafaɗa. 'Yan'uwanmu Kiristoci da suka yi jami'o'in coci su ma haka suke kewar sujadar safe da ƙungiyar mawaƙa da zumuntar ɗalibai. Ciwon iri ɗaya ne.

Yadda gida ke karɓar mu

Gida bai canja ba, matsayinmu ne a cikinsa ya canja. Ka tafi ana kiran ka da sunan yanka, ka dawo ana ce maka Malam ko Ustazu. Tun ba ka warware gajiya ba za a kawo maka tambayar rabon gado, ko ta saki, ko ta zakkar amfanin gona, ko da kuwa ilimin kwamfuta ka karanta. Mutane sun ɗauka duk wanda ya fito daga jami'ar Musulunci ya haɗiye littattafai. In ka ce ba ka sani ba, a yi mamaki. In ka amsa da ka, ka ɗauki alhaki. Yawancinmu a nan ne muka fi jin rashin malamanmu.

Ga kuma maganar abin hannu. Iyaye sun yi shekaru suna ɗebe buhuna daga rumbu duk lokacin da zangon karatu ya zagayo. Ba za su ce ka biya su ba, amma kai ka san ana jira. Ƙanne na kallon ka, wasu ma kuɗin jarrabawarsu ta WAEC da NECO a kanka aka ɗora rai. Aikin gwamnati ba ya samuwa da sauƙi. Makarantun Islamiyya da na kuɗi da ke ɗaukar mu koyarwa abin da suke iya biya kaɗan ne. Sai mutum ya tsinci kansa yana tuna lokacin da babbar damuwarsa ita ce jarrabawar ranar Litinin.

Kalandar ma daban ce. Jami'a tana tafiya da zango da hutu, garuruwanmu suna tafiya da damina da kaka da rani. A Doguwa in lokacin sa taki ya yi, ba a tambayar wa ke da digiri. A Tudun Wada in shinkafa ta nuna, duk mai hannu sai ya shiga gona. Hannun da ya shekara huɗu yana riƙe da biro sai ya yi kanta kafin ya sake sabawa da fartanya.

Wanda bai wuce shekara 30 ba lokacin da ya gama zai tafi hidimar ƙasa, shirin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973. Mako uku a sansani, sannan ragowar shekarar a inda aka tura ka. Ga wanda ya fito daga makarantar da komai ke tsayawa in an kira salla, sansani wata duniya ce: bigila ce ke tashin mutane, fareti ba ya jira, maza da mata a fili ɗaya. A nan mutum ke gane ko ɗabi'un da ya zo da su nasa ne ko na makaranta ne ya ara.

Ga 'yan'uwanmu mata, sauyin ya fi zuwa da gaggawa. Da yawa ana gama bikin yaye ake fara maganar ɗaurin aure. Wadda jiya take jagorantar ƙawayenta a muhawara, yau tana sabon gida, wataƙila a wani gari, babu wadda za su yi bitar darasi tare. Aure alheri ne, kuma ba shi ke kashe karatu ba. Abin da ke kashe shi rashin abokin yi.

Waɗanda ba su samu yin sallama ba

Mu da muka gama lafiya, muka ɗauki hoto, muka yi bankwana da malamai, kewarmu mai sauƙi ce in aka kwatanta da ta ɗaliban Sudan. Ranar 15 ga Afrilu, 2023, ana cikin azumi, yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin ƙasar da dakarun RSF. Dubban 'yan Nijeriya ne ke karatu a can, da yawansu 'yan Kano da maƙwabtanta. An kwashe su a motocin safa, wasu zuwa iyakar Masar inda suka yi kwanaki suna jira kafin a ɗauko su a jirgi daga Aswan, wasu ta Port Sudan. A farkon watan Mayu rukunin farko ya sauka a Abuja.

Sun baro littattafai da tufafi a ɗakunan kwana. Wasu saura 'yan watanni su gama. Tsofaffin ɗaliban da suka daɗe da dawowa, waɗanda ke cewa wata rana za su koma su gai da malamansu, su ma sun wayi gari garin da suke kewa ya zama fagen daga. Darasin da muka ɗauka daga wannan shi ne, makaranta aro ce. Abin da ka zuba a kanka da wanda ya zama ɗabi'arka, shi kaɗai ne ke tsallake iyaka tare da kai.

Kewa tana da son kai

Akwai wani hali na zuciya da ya kamata ku sani. In ta tashi tuna baya, tankaɗe take yi, ta riƙe gari ta zubar da tsaki. Muna tuna daren tahajjud, mu manta da layin ɗiban ruwa. Muna tuna hirar ɗaki, mu manta da kuɗin cizo da zafin watan Afrilu babu wuta, da ranakun da gari da ƙuli ne abincin safe da na dare, da faɗuwa jarrabawa, da dokokin da a lokacin muke ganin sun matsa mana. A shekarar ƙarshe babu abin da muke ɗoki kamar ranar tafiya gida. Wanda ya manta da wannan zai riƙa auna gida na gaske da makarantar da babu ita sai a cikin kansa, kuma kullum gida ne zai faɗi.

Daga nan haɗari ke farawa. Kewa in ta yi tsami takan koma raini. Sai ka ga matashi ya dawo yana ganin babu mai ilimi a garinsu. Ya gyara wa liman karatu a gaban jama'a, ya kushe makarantar allon da ta koya masa baƙi da wasali, ya riƙa jefa Larabci a hira da mahaifiyarsa. Dattijon da ya yi shekara arba'in yana karantar da Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala a zaurensa, yana wanke gawa, yana sasanta ma'aurata, ya san mutanen garin sanin da babu digirin da ke bayarwa. Matashin da ya raina shi ya rufe wa kansa ƙofa, domin jama'a ba sa karɓar ilimi daga hannun wanda ya wulaƙanta manyansu, ko da gaskiya ce a bakinsa. Rigingimu da yawa a masallatan garuruwanmu daga irin wannan suka samo asali.

Wani kuma kewar ciki take cin sa. Ya daina fita, ya daina cin abinci sosai, barci ya ƙaurace masa, ya yini yana duba tsofaffin hotuna a waya. In kun ga yayanku ya ɗauki watanni a haka, kada ku ce girman kai ne ko aljanu. Ku sanar da iyaye ko wani babba da yake jin maganarsa. Ciwon damuwa ciwo ne kamar kowane, ana zuwa asibiti a kansa, kuma ana warkewa.

Yadda magabata suka yi

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bi malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, har Agadas ya zauna a wurinsa yana karatu. Da malamin ya wuce aikin Hajji, Shehu ya dawo gida domin ba shi da iznin mahaifinsa. Bai zauna yana begen Agadas ba. Degel, ƙauyen da ya zauna, shi ya mayar makarantar da ɗalibai ke zuwa daga nesa. Ƙanensa, Malam Abdullahi na Gwandu, ya rubuta littafi sukutum mai suna Ida'un Nusukhi, inda ya jero malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka daga kowanne. Haka ya adana zamanin ɗalibcinsa, ya bar wa na baya abin amfani.

Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta ga matan karkara ba za su iya barin gidajensu su zo inda ilimi yake ba. Sai ta kafa tsarin 'Yan Taru. Ta naɗa jagorori mata da ake kira jaji, ta ɗora musu malfa, suna zuwa wurinta su ɗauki karatu su kai wa matan ƙauyuka. Maimakon a kai kowa makaranta, sai aka kai makaranta wurin kowa.

Wannan ne maganin da muka ga yana aiki a tsakaninmu. Waɗanda kewa ta fi saurin saki su ne waɗanda suka ɗauki wani yanki na rayuwar makaranta suka dasa a gida. Wani ya nemi iznin liman ya buɗe karatun tajwidi bayan magariba da yara biyar. Wata ta tara matan aure na layinsu a tsakar gida ranar Asabar da Lahadi. Wani da ya karanta lissafi yana koya wa 'yan aji shida darasin yamma kyauta kafin jarrabawa. Wasu abokai uku, ɗaya a Ƙofa, ɗaya a Yako, ɗaya a Burji, sun sa ranar da suke kiran juna a waya kowa ya ja izu ɗaya ɗan'uwansa na saurare. Ba su dawo da jami'a ba, amma sun sake haƙa wa ruwan hanya.

Abin da za ku fara tun yanzu

Kada ku ce wannan maganar manya ce. Ku da ke makarantun kwana, ranar da kuka rubuta takardar ƙarshe kuka ɗaure katifa, za ku ɗanɗani irin wannan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka ga shawararmu.

Ku gwada kanku a lokacin hutu. Ɗalibin da ke tashi da asuba a makaranta saboda tsoron bulalar firifet, ya zo gida sai rana ta take shi, bai mallaki ɗabi'ar ba tukuna. Ku zaɓi abu ɗaya ƙarami, shafi biyu na Alƙur'ani ko lissafi biyar a kullum, ku riƙe shi tsawon hutu ba tare da kowa ya sa ku ba. In kun iya wannan, kun mallaki abin da yaƙi ko bikin yaye ba zai raba ku da shi ba.

Ku koyi zama jagora tun kuna ƙanana. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS, wadda aka kafa a Legas a 1954, tana da rassa a makarantu da yawa, haka ma ƙungiyar ɗalibai Kiristoci ta FCS. Ku shiga, ku karɓi aiki, ku koyi tara mutane da tsara zama. Masu hadda su shiga musabaƙar Alƙur'ani, wadda ake farawa daga ƙaramar hukuma zuwa jiha har matakin ƙasa, ƙarƙashin kulawar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato tun 1986. Wanda ya saba haɗa halƙa da kansa ba zai zauna jiran a haɗa masa ba.

Ku riƙe sana'a. Ɗinki, gyaran waya, haɗa sola, kiwon kaji, noman rani, kamun kifi a Tiga, duk wadda ta samu. Rabin kewar jami'a zaman banza ne ke hura ta. Malamin da ke da abin yi yana karantarwa da mutuncinsa, ba ya sa ido a aljihun kowa.

Kada ku yanke igiyar gida. Duk hutun da kuka zo, ku je ku gai da malaminku na allo, ku zauna a zauren karatun garinku, ku shiga gona. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wanda ya yi shekara huɗu bai durƙusa ya gai da dattawan unguwa ba, kada ya yi mamaki in ya dawo ya ga kamar baƙo ne.

In kun tashi zaɓen jami'a, ku yi tambaya kafin a biya ko kwabo. A cikin gida, ku tabbatar hukumar NUC ta amince da jami'ar da kuma kwas ɗin da kuke so, kuma ta hanyar JAMB aka ɗauke ku. Ku nemi kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, ko ta WAEC ko NECO ko NBAIS ta 'yan makarantun Arabiyya. Jami'a mai zaman kanta kuɗinta ya fi na gwamnati, don haka ku zauna da iyaye a yi lissafin shekara huɗu, ba na shekarar farko kaɗai ba. Masu son ƙetare su sani cewa in sun dawo sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardunsu kafin su tafi hidimar ƙasa. Su kuma kiyayi dillalan da ke karɓar kuɗi da alkawarin gurbin karatu. Wanda zai yi karatu da Larabci kada ya saki Turancinsa, domin da shi zai nemi aiki in ya dawo. Wanda ya dawo da Larabci kuma kada ya bari ya yi tsatsa, harshe in ba a motsa shi kwanciya yake.

In Allah ya kai ku, ku ci moriyar wurin da gangan. Ku je ofishin malamai ku yi tambaya tun kuna da damar cewa ba ku sani ba. Ku karɓi lambar malami ɗaya ko biyu da za ku riƙa komawa gare su bayan kun gama. Ku yi abota da wanda ba yarenku ɗaya ba. Ku rubuta sunayen littattafan da kuka karanta da waɗanda suka karantar da ku, kamar yadda Malam Abdullahi ya yi.

Wata roƙo gare ku

Kafin lokacinku ya zo, akwai abin da za ku iya yi mana. Yayanku da ya dawo yana da kaya a kansa da yake neman inda zai sauke. Ku ɗauki littafinku na nahawu ko na kimiyya ku same shi bayan la'asar ku ce ya duba muku. Ku tambaye shi yadda ake cike fom, yadda ake zama da abokan ɗaki, abin da ya fi ba shi wuya a shekarar farko. Ku kira abokanku biyu ku ce ya riƙa yi muku ƙari sau biyu a mako. Za ku ga fuskarsa ta saki. Ku kun samu malami kyauta a cikin gida, shi kuma ya samu abin da ya fi kewa, wato zama a cikin masu neman ilimi.

Ba ma fatan kewar nan ta gushe gaba ɗaya. Shaida ce cewa mun zauna a wuri mai albarka tare da mutanen kirki, kuma duk lokacin da ta motsa tana tuna mana yadda muke a lokacin da muka fi himma. Fatanmu shi ne ta zama abin da zai tashe mu da asuba a Gwarmai ko Daɗin Kowa kamar yadda takun silifas ke tashin mu a ɗakin kwana. Allah ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri, ya ba ku sa'ar jarrabawa, ya sa abin da za ku karanto ya amfani garuruwanmu.